Me ya sa bargo ke jiƙewa in an kwana a hamak lokacin ɗari, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba?

Duk shekara in ɗari ya shigo, daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, ƙorafin ɗaya ne wajen masu kwana waje, direbobin kamyo da yaran motarsu masu ɗaure hamak (wato gadon lilo na yadi ko raga da ake ratayawa ta bakunansa biyu) ƙarƙashin tirela, masu gadin lambu a bakin kogi nan Yamai, masu kwana gonar albasa can wajen Galmi, har da samarin yanzu da ke goya jaka su tafi yawon daji. Wai mutum ya kwanta da bargonsa busasshe ƙarau, asuba ta yi ya farka ya ji shi da danshi, sanyi na ratsa shi har ƙashi. Abin da ke ɗaure kai kuma wata biyu ko uku ke nan ba a ga hadari ba, leɓe na tsagewa, ƙafa na faso, ka shanya riga kafin a sauke shayi na biyu ta bushe. To ruwan nan daga ina?

Galibinsa daga jikinka ne, saura kuma raɓa. Kuma na jikin nan ba ka da yadda za ka yi ka hana shi fita, iyakarka ka ba shi hanya ya wuce, in ka tare shi a bargonka zai sauka. Shi ke nan maganar a dunƙule, amma bari mu warware ta don kowane irin danshi da maganinsa, wani maganin ma kishiyar wani ne.

Iska tana ɗauke da ruwa a matsayin tururi wanda ido ba ya gani, kuma yawan da za ta iya riƙewa ya dogara da zafinta. In ka ɗauki iska mai cika akwati mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi, a digiri 30 tana iya riƙe ruwa wajen giram 30, a digiri 20 wajen giram 17, a digiri 10 wajen giram 9, in ta kai sifili kuwa giram 5 ma da kyar. Kenan in iska mai ɗumi mai ɗauke da tururi ta taɓa abu mai sanyi, sai ta huce, ta kasa riƙe kayanta, ta sauke rarar a jikin abin. Matakin sanyin da take fara saukewar shi ake kira matakin raɓa. Kowa ya san wannan a ledar ruwan sanyi da aka ciro daga firigo, a watan Agusta kana riƙe ta tana ɗiga har gwiwar hannu, amma ka ciro ta a Janairu ana buji da kyar za ka ga ta yi gumi, ledar ɗaya ce sanyin ɗaya ne, iskar ce ta bambanta.

To a nan ne mutanenmu ke ruɗewa, don suna cewa ai iskar hunturu busasshiya ce. Gaskiya ne. Iska mai digiri 25 da danshinta bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba, sai abu ya yi sanyi kusan sifili kafin ta sauke masa raɓa, shi ya sa wanda ya kwana kan tudu a Tawa cikin jaura ba safai zai ga raɓa ba. Amma iskar da ke cikin bargonka ba iskar hunturu ba ce ɗan'uwa, iskar jikinka ce. Numfashin da kake fitarwa yana da ɗumi wajen digiri 34 kuma cike yake taf da tururi, mutum a kwance yana shaƙa yana fitar da wajen lita 6 na iska duk minti, ka lissafa awa 8 za ka ga kusan giram 100 na ruwa ta hanci da baki kaɗai. Fata ma tana fitar da nata ko ba ka ji kana zufa ba, in ka haɗa su kwata lita a dare ɗaya ba abin mamaki ba ne, in kuma ka lulluɓa fiye da kima har ka yi jiɓi to ka doshi rabin lita ko ka wuce.

Yanzu ka duba yadda bargo yake. Fuskar da ke jikinka tana da ɗumi, wajen digiri 30, fuskar waje kuma tana daidai da sanyin dare ko ma ta fi shi. Tsakanin biyun nan zafi yana raguwa sannu sannu, tururin jikinka yana bi yana neman fita, in ya samu ya fita kafin ya huce shi ke nan ya tafi da iska. In kuwa ya tarar da matakin raɓa tun yana cikin bargon, can kusa da yadin waje, a nan zai zama ruwa ya zauna cikin auduga ko gashin da aka cusa. Kuma gwargwadon tsananin sanyin waje, gwargwadon yadda wannan matakin ke matsowa ciki. Abin dariyar shi ne bargo mai kauri sosai ya fi fama da wannan, don yana tare zafi da kyau har fuskarsa ta waje ba ta samun ɗumin komai.

Me ya sa ruwa kaɗan ke ɓata aiki haka? Don ba audugar ce ke ɗumama ka ba, iskar da ta maƙale tsakanin zaruruwan ce, ita kuma iska ba ta wuce da zafi sosai, ruwa kuwa ya ninka ta wajen sau 25. Bargon gashin agwagwa, irin na jakunkunan barcin da ake tsinta a kayan bosho, shi ya fi kowa ɗumi da rashin nauyi amma shi ya fi kowa tsoron ruwa, da ya jiƙe sai gashin ya dunƙule ya kwanta, kaurin ya tafi. Na zaren roba yana jurewa fiye da shi kuma yana saurin bushewa, ulu yana iya shan danshi mai yawa bai nuna ba, auduga kuwa tana sha ta riƙe ta ƙi saki. Wanda ke son ganin ƙarshen abin ya duba tafiyar da wasu Turawan Birtaniya uku suka yi a Antatika cikin hunturun 1911, ɗayansu Apsley Cherry-Garrard jakar barcinsa ta tashi daga wajen kilo 8 ta koma wajen kilo 20, duk ƙanƙarar gumi da numfashinsa ce ta taru dare bayan dare don babu ranar da za ta busar. Mu ba mu kai can ba Alhamdulillahi, amma ƙa'idar ita ce dai, kuma kar a raina sanyin ƙasar nan, Yamai da Tawa da daddare a Janairu ana sauka wajen digiri 15 ko 16, Agadas ƙasa da haka, a duwatsun Ayir kuwa inda Bagzan ya haura mita 2,000 ruwa na iya daskarewa kafin safiya, Bilma ma an taɓa auna ƙasa da sifili. 'Yan cirani da suka yi Tamanraset sun san me nake faɗa.

To sai hamak, shi ina nasa laifin? Wanda ya kwanta a ƙasa kan tabarma ko katifa, bayansa a rufe yake. Na cikin hamak kuwa a rataye yake, iska na bi ta sama tana bi ta ƙasa, kuma duk bargon da ya shimfiɗa ya kwanta a kai nauyin jikinsa ya matse shi ya fitar da iskar ciki, ya zama yadi kawai. Shi ya sa ko a digiri 18 ko 20 in akwai ɗan kaɗawar iska za ka ji baya da ɗuwawu sun yi sanyi alhali ƙirji na zufa. Dama can asalin hamak na mutanen ƙasashen zafi ne, wajen tsibiran Karibiyan Turawa suka gan shi zamanin Kolumbus, an yi shi ne don a sha iska. Masu kwana da shi cikin sanyi a Amurka da Turai sai suka ɓullo da bargon ƙasa, wato wanda ake ratayawa ta waje a ƙarƙashin hamak ɗin, ya manne da bayan mutum ba tare da an danne shi ba, sannan a rufa da na sama.

Mu kuma abin da muka saba yi shi ne, da an ji sanyi a baya sai a nemo leda ko buhu ko guntun tampol a shimfiɗa cikin hamak, ko a naɗe hamak ɗin gaba ɗaya da shi don a tare iska. Wallahi wannan shi ne babban mai jiƙa mutane. Leda tana tare iska, ba musu, amma tana tare tururi ma, kuma ita a waje take tana shan sanyi, to ka haɗa mata komai ke nan, ga tururi mai ɗumi daga ciki ga fuska mai sanyi da ba ta da ƙofa. Ƙarfe ɗaya na dare za ka ji daɗi ka ce ka yi dabara, ƙarfe huɗu rigarka ta manne da baya. Haka masu ɗora tampol kai tsaye bisa bargo don raɓa, sun tare ta sama sun tara ta ciki, da safe in ka ɗaga tampol ɗin za ka ga cikinsa ɗigo ɗigo jere, bargon da ke ƙarƙashi ya yi duhu daidai inda suka haɗu.

Ita raɓar kanta akwai abin da ya kamata a gane game da ita. Muna cewa raɓa ta sauka, amma ba daga sama take zubowa ba. In sararin sama ya yi garau babu gajimare, duk abin da ke kallon sama yana ta sakin zafinsa zuwa can ba tare da an mayar masa ba, har ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi da digiri kaɗan, sai iskar da ta taɓa shi ta sauke masa ruwa. Wani likita William Charles Wells ne ya bayyana wannan a Ingila a 1814, yana ajiye dunƙulen ulu a fili da daddare, wani a buɗe wani da ɗan rufi a samansa, da safe ya auna, na buɗen kullum ya fi nauyi. Kenan aikin rumfa shi ne ta shiga tsakaninka da sararin sama don kada bargonka ya huce fiye da iska. Shi ya sa ƙarƙashin bishiya mai ganye ko ƙarƙashin tirela ba a cika ganin raɓa ba, direbobi sun daɗe da sanin wannan ko ba su karanta ba. Daren da hazo ya yi kauri ko ake iska, raɓa kaɗan ce, daren da ya yi tsit taurari suka fito rangaɗau shi ne nata.

Wurin kwana kuma yana da rabo babba. Iska mai sanyi ta fi nauyi, da dare take gangarowa ta taru a kwari da fadama, a can kuma ruwa yake, ga kogi ga lambun da aka yi wa ban ruwa da marece. Wanda ya ɗaure hamak a bakin kogin Isa wajen gonakin shinkafa, ko a gefen tabkin Tabalak, ko cikin kwarin Maggiya, yana cikin wata iska daban da ta wanda ya hau tudu ko da tazarar ba ta da yawa. Iska mai digiri 15 da danshi kashi 80, abu ya huce zuwa wajen digiri 12 kawai ya isa raɓa ta kama shi, ka ga tazarar ba ta fi digiri 3 ba, sararin sama kaɗai zai iya cike ta. In aiki bai tilasta maka kwana bakin ruwa ba, ka ɗan hau sama ka nemi inda iska ke ɗan motsi. Mai gadin lambu dai ba shi da zaɓi, shi sai rumfa.

Abin da nake ba mutane shawara shi ne da safe kafin ka naɗe bargo ka shafa shi ka ga ina ne ya jiƙe, don wurin shi zai gaya maka mai laifin. In saman bargon ne gaba ɗaya daga ƙirji har ƙafa, cikinsa kuma a bushe, raɓa ce, maganinta rufi a sama. In daidai wuya da haɓa ne kawai, faɗin tafin hannu biyu ko uku, numfashinka ne. In bayanka ne da shimfiɗar ƙasa, to leda ce ko wani abu da ba ya numfashi ka kwanta a kai. In kuma ka shafa ko'ina ba ka ji ruwa ba amma bargon ya yi nauyi ya lanƙwashe, ɗuminsa na raguwa kwana bayan kwana, wannan shi ne na cikin, shi ne mugun don ba ya nuna kansa.

Na numfashin shi ya fi sauƙin magani kuma shi aka fi ƙi. Al'adarmu ce in ɗari ya matsa a ja bargo a rufe har kai a yi ta hura ɗumi a ciki, minti goma na farko akwai daɗi, amma duk giram ɗarin nan cikin bargon kake zuba su. Ka bar hanci da baki a waje, ka sa hular sanyi, ka naɗe wuya da kunne da rawani, in fuska na damunka ka ja amawali mara kauri ka rufe hanci, shi in ya jiƙe sai ka juya wani gefen kuma ba ya wuyar bushewa. Inda sanyi ya kai na ƙanƙara, numfashi na fita yana komawa fari ya zubo kan ƙirji, sai a shimfiɗa wani ƙyalle ko tawul a bakin bargon ya tare, da safe a kakkaɓe. Sange ma yana ɗan riƙe ɗumi da tururi, in babu sauro a wurin ka ɗage shi ko ka buɗe gefen kai.

Batun tampol kuwa, sirrin tazara ce. Ka ja igiya sama da hamak ɗin ka rataya shi a kai yadda ko ka miƙa hannu daga kwance da kyar za ka taɓa shi, ka sauke gefen da iska ke bugowa, wanda a hunturu galibi gabas ne ko arewa maso gabas, ɗaya gefen da bakunan biyu ka bar su a buɗe. Za ka ɗan rasa ɗumi, eh, amma ka tashi a bushe. In ka rufe ko'ina ruf har ƙasa, tururinka zai taru a cikin tampol ɗin, iska na kaɗa shi yana yayyafo maka. Kuma don Allah kada a shigo da garwashin shayi ko murhun gas cikin rufaffen wuri don neman ɗumi, gas in ya ƙone kilo ɗaya yana fitar da ruwa wajen kilo ɗaya da rabi a iska, wannan ma ƙarami ne, babban shi ne gubar da gawayi ke fitarwa wadda ba ta wari ba ta launi, tana kashe mutum cikin barci.

Ta ƙasa kuma, in ba ka da bargon ƙasa na kanti ba sai ka saya ba, ka samu bargo na biyu ka ɗaure kusurwoyinsa huɗu da igiyar roba ko tsohon tub ɗin taya da aka yanka, ka rataya shi ta wajen hamak ɗin yadda zai rungumi bayanka, kada ya matse kada kuma ya bar gibin da iska za ta shiga. In kana son abin tare iska a bayansa, ka sa yadi mai numfashi, ka hura shi da baki in iska ta wuce ko da ƙyar to ya yi, kuma ka bar shi sako-sako. Masu sa katifar soso siririya a ciki su shimfiɗa zane ko ulu a kai don ya sha gumin bayan.

Akwai wata dabara da na ga ta fi kowacce amfani ga mai bargo mai tsada, ita ce ka ɗora wani siririn bargo na roba ko ulu a saman na gashin. Abin da ke faruwa shi ne fuskar wajen na gashin yanzu ta samu ɗumi, sai matakin raɓa ya matsa waje ya faɗa cikin na saman, wanda dama shi bai damu da ruwa ba kuma awa ɗaya a rana ta ishe shi. Mutane suna yin akasin haka, su sa siririn a jiki mai kaurin a sama, ni a ganina in danshi ne matsalarka to ka juya.

Sannan kada ka kwanta da zufa. Wanda ya gama ɗaure kaya ko ban ruwa ya faɗa hamak da rigar da ya yi aiki da ita, ya kai wa bargonsa ruwa da hannunsa. Ka canza riga, ka canza safa, ka bari jiki ya huce. Kuma farkon dare ba ya kai asuba sanyi, in ka lulluɓa da komai tun bayan isha za ka yi jiɓi kafin sha biyu, ruwan nan kuma shi zai cije ka ƙarfe biyar, gara ka fara da kaɗan ka ajiye na ƙari kusa da hannu. Masu cusa rigar da ba ta gama bushewa ba cikin bargo wai jiki ya busar da ita, ruwan bai ɓace ba, wuri ya canza.

Duk da haka komai dabararka wani abu zai rage a ciki, shi ya sa shanya take wajibi kullum, a nan kuma Allah ya hutar da mu don ranar hunturu da iskarta ba su da wasa. Da ka tashi ka matse bargon ka naɗe shi sau ɗaya tun yana da ɗumi don iskar jikinka mai tururi ta fita kafin ta huce a ciki, sannan ka warware shi ka rataya a igiyar hamak ɗin, ka juya ciki waje, in yana da gefe mai duhun launi shi za ka ba rana. Ka jira sai rana ta ɗan ɗaga, don in ka shanya da sanyin asuba a bakin ruwa ƙara masa za ka yi. Na gashin agwagwa ka riƙa bubbuga shi kana warware dunƙulen da yatsa, in ka ɗaga shi saitin rana za ka ga inda gashin ya taru da inda ya zama fanko. Direban da dole ya tashi da asuba ya shimfiɗa shi bayan kujera maimakon cusa shi cikin buhu, in an tsaya cin abinci da rana a baza shi minti talatin, a kakkaɓe ƙura a naɗe.

Za ka ji wasu na maganar shiga cikin wata jakar leda siririya tukuna sannan a shiga bargo, don tururin jiki kada ma ya kai ga bargon. Dabara ce ta gaskiya kuma tana aiki, bambancinta da ledar da na kushe ɗazu shi ne ita a jikinka take inda ake ɗumi, bargon duka yana bayanta. Amma ta masu kwanaki da yawa cikin sanyin da ya yi ƙasa da sifili sosai ce, inda babu halin shanya, irin 'yan'uwanmu da ke Kanada in sun fita daji a Janairu. A digiri 10 ko 15 ɗinmu in ka gwada ta cikin guminka za ka kwana.